Sabon batir, wata biyu kacal, mota ta sake ƙin tashi

Baban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan zaure, da fatan an tashi lafiya. Shawara nake nema. Corolla ce 2006 nake hawa daga Tumfure zuwa wurin aiki a Tudun Wada. Cikin Janairu, da sanyi ya matsa, ta fara yi mini nauyi da safe: in na murɗa makulli sai ta ja da ƙyar kafin ta kama. Wata rana ta ƙi gaba ɗaya. Aka ce batir ne, na kai tsohon kasuwa na cika kuɗi na ɗauko sabo mai amfiya 62. Yau wata biyu da 'yan kwanaki ke nan. Jiya bayan la'asar na fito daga aiki, na murɗa, sai kas-kas-kas kawai, fitilun dashbod suna lumshewa. Otomatik ce, babu zancen turi. Wani abokin aiki ya jona mini waya da motarsa ta tashi, na iso gida. Yau da asuba kuma shiru. Jabu aka sayar mini in mayar, ko wani abu ne daban? Yara uku nake kaiwa makaranta da motar nan.

Ɗan Bolari: Wa alaikumus salam Malam. Ni batir nake sayarwa, kuma kafin kowa ya ce komai zan roƙe ka kar ka je ka yi rigima da wanda ya sayar maka tukuna. Jabu akwai shi a kasuwa, ban musa ba. Amma sau da yawa mutum ya dawo mini da batir yana faɗa, in sa shi a caji ya kwana, da safe ya tada kowace mota a layin. Batir randa ce. In ba a zuba mata ruwa ana ta ɗiba, ko sabuwa ce za ta ƙafe.

Baffa Direba: Ɗana, abin ba wuya. Ka sa a jona maka ta tashi, tana cikin aiki ka cire kan batir guda ɗaya. In ta mutu, altaneta ce, wato na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, ba ta caji. In ta ci gaba da aiki, batir ɗin ne, ka mayar musu da kayansu. Haka muke yi tun ina yaron mota a hanyar Gombe zuwa Bauchi.

Oga Mai Wayarin: Baban Sadiq, don Allah kar ka cire. Baffa, ka yi mini afuwa, ban ƙi ta taka ba don raini, amma wannan gwajin ba na motar nan ba ne.

Baffa Direba: To me ya same shi? Shekara nawa muna yi.

Oga Mai Wayarin: Allah ya ja kwana, a Fijo 504 ɗin Kaduna kuka yi, da J5. Waɗannan kafireta gare su, abin da ke cin wuta a cikinsu bai wuce kwayil da fitila da rediyo ba. Corolla 2006 kwamfuta ke ba ta mai, ita ke ba ta wuta. Wutar da altaneta ke fitarwa ba a daidaice take fitowa ba, tana hawa tana sauka, batir ne ke shanye wannan hawa da saukar. Ka cire shi inji na aiki, wutar na iya yin tsalle ta wuce ƙima na ɗan lokaci kaɗan, kuma wannan ɗan lokacin ya isa ya ƙona kwamfutar, ko dayod ɗin altanetar kanta, masu mayar da wutarta irin wadda batir ke karɓa. Ba kullum yake ƙonawa ba, shi ya sa mutane ba su daina ba. Amma ran da ya ƙona, kuɗin kwamfuta ba kuɗin batir ba ne. Sannan gwajin ma yana ƙarya: altanetar da ta raunana za ta iya riƙe inji a silo, wato yana aiki ba a taka mai ba, ka ce lafiyarta ƙalau, alhali ba za ta iya ɗaukar fitila da esi ta kuma cika batir ba.

Baffa Direba: Na ji. Amma mutumin da ke bakin hanya a Alkaleri da dare, da me zai gwada?

Oga Mai Wayarin: Da fitilarsa, Baffa. Ya haska bango ko bayan wata mota da fitilar gaba, inji a kashe, sannan ya tada. In altaneta na caji, hasken zai ƙaru da zarar inji ya kama. In ya tsaya yadda yake ko yana ta yin ja-ja, ba ta caji. Ba daidai yake da mitar auna wuta ba, amma ba ya ƙona komai.

Hamma Sola: Ni sola nake haɗawa, amma batir ɗin dalma duk ɗabi'arsu ɗaya. Malam, kana da mita a gida, ko maƙwabci mai gyaran waya ko rediyo? Irin 'yar ƙaramar nan rawaya mai waya ja da baƙa.

Baban Sadiq: Akwai yaron da ya haɗa mana inbata, gidansu na bayan namu. Bari in aika Sadiq.

Hamma Sola: Madalla. In ta zo ka murɗa ta zuwa DC, kan lamba 20. Jar waya a kan mai alamar ƙari, baƙa a kan mai alamar ragi. Ka dafa a kan dalmar kan batir ɗin kanta, ba a kan ƙarfen da ya kama ta ba. Batir ɗin mota gida shida ne a ciki, kowane gida na ba da kamar bolt 2.1, shi ya sa cikakke da ya huta yake nuna 12.6. In ka ga 12.4 ya ɗan sauka, 12.2 kusan rabi ke nan, 12.0 ya yi ƙasa sosai. In kuwa ka ga 10 da wani abu, kamar 10.5, kuma ko an yi caji ba ya wucewa, to gida ɗaya ya mutu a ciki, wannan kam sai a mayar.

Maman Ilham: Ina bin maganar nan da kyau, don ni ma bara haka Honda ta yi mini a ƙofar asibiti da mara lafiya a ciki. Tawa dai kan batir ɗin ne. Wani ya taɓa buga ƙusa tsakanin ƙarfen da dalmar don ya kama, sai wani gari kore-kore da fari ya taru a wurin kamar tsatsar tagulla. Mai wayarin ya zare ƙusar, ya wanke da ruwan zafi, ya goge da sanfefa, ya sa sabon kai. Har yau batir ɗin nake amfani da shi. Malam ka duba naka tukuna.

Oga Mai Wayarin: Hajiya ta faɗi gaskiya, nan ya kamata a fara. Ka kama kan batir ɗin da hannu ka murɗa, in ya juya to bai ɗauru ba. Ka bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a jikin bodi da jikin inji, ka ga ko ta yi tsatsa ko ta saki. Kik, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, na jan amfiya sama da ɗari lokacin tada mota, wurin da ya ɗan saki zai bar rediyo da fitila su yi aiki amma ya hana kik. Mutum ya ga fitila na kamawa ya ce ai wuta lafiya.

Baban Sadiq: Mita ta zo. Kawunan a ɗaure suke tam, babu gari, tun da sabo ne. Yana nuna 11.8.

Ɗan Bolari: Ka gani. Ba gida ne ya mutu ba, yunwa ce.

Hamma Sola: Haka nake zato, amma bari mu ga sauran. A jona maka ta tashi, a cire wayoyin waccan motar, sannan ka sake aunawa inji na aiki.

Oga Mai Wayarin: Wajen jonawar a bi a hankali. Ja zuwa ja tukuna. Baƙa a kan ragin motar mai lafiya, ɗaya bakin kuma a jikin ƙarfen injinka, nesa kaɗan da batir, don tartsatsin ƙarshe kar ya tashi a kansa. Batir na fitar da iskar da ke kamawa da wuta, kar kowa ya matso da sigari ko ashana. A bar waccan motar ta yi aiki kamar minti biyar kafin ka murɗa. Kuma ka duba alamar da idonka, kar ka dogara da launin waya, don na sha ganin motar da aka sauya mata waya ja ta koma ragi. Juya kai sau ɗaya ya isa ya cinye babban fiyus da dayod.

Baban Sadiq: An jona da motar maƙwabcina, ta tashi. Mun cire wayoyi. Yana nuna 12.3. Na taka mai kaɗan ya je 12.6 ya dawo. Na kunna fitila da esi kamar yadda yaron ya ce, ya sauka 11.9, yanzu 11.7.

Oga Mai Wayarin: Kashe esi da fitilar. An gama, ba ta caji. Motarka in inji na aiki ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5, kuma ko ka kunna komai da komai bai kamata ya faɗo ƙasa da 13 ba in ka ɗan taka mai. Tambaya ɗaya Malam: akwai wata jar fitila a dashbod mai hoton batir. Yaya take yi?

Baban Sadiq: Ai ita ce ta sa na yarda batir ne tun farko. Tun Disamba take kamawa tana ɗaukewa, musamman da safe ko in na shiga gargada. Na ga hoton batir na ce batir ke kuka. Da na sa sabo ta ci gaba, sai na ɗauka waya ce ta dashbod ke wasa.

Oga Mai Wayarin: Wannan fitilar ta sa mutane da yawa sayen batir ba dalili. Hoton batir aka zana mata, amma ba lafiyar batir take faɗa ba. Abin da take cewa shi ne caji ba ya zuwa. Da ka murɗa makulli kafin ka tada dole ta kama, da inji ya tashi dole ta mutu. In ta kama kana tafiya, to motar na cin abin da ke cikin batir ne kawai, kuma tafiyarka ƙidayayya ce. Yadda ka ce tana kamawa tana ɗaukewa, na fi zargin buroshi. Wasu 'yan gawayi ne guda biyu a bayan altaneta, sifirin na tura su suna gogar zoben tagulla. Da tafiya ta yi tafiya sai su cinye su gajarce, wani lokaci su taɓa wani lokaci su ƙi. Shi ya sa ta kai ka wata biyu: tana caji yau, gobe ta ƙi, sabon batir na rufa mata asiri har ya gaji. Amma ban yanke ba sai an buɗe, don regileta, mai daidaita ƙarfin cajinta, ma na yin haka, soket ɗin bayanta in ya saki ma haka.

Baffa Direba: Kun manta da bel. Kafin a kwance komai a duba bel. Ni na taɓa tasowa daga Bauchi da fasinja bayan magariba, mun wuce gadar Dindima kaɗan sai jar fitilar nan ta kama. Na ce bari in lallaɓa zuwa Alkaleri. Ban yi nisa ba na ga allurar zafi ta tashi. Na tsaya na buɗe bonet, bel ya tsinke ya naɗe a ƙasa kamar igiyar guga. Da na ƙara minti biyar da na ƙona gasket. Duk wanda fitilar nan ta kama masa a hanya, idonsa ya koma kan allurar zafi nan take.

Oga Mai Wayarin: Wannan kam karatu ne, Baffa, na gode. A Corolla irin ta Malam bel ɗaya ne ke juya altaneta da famfon ruwa da esi da famfon sitiyari, in ya tsinke duk sun tsaya tare, sitiyari ma ya yi tauri. Malam, kashe inji ka duba: yana nan? Ya tsattsage ko ya yi sheƙi kamar an goga masa mai? Yana ƙara da safe kamar kukan ɓera?

Baban Sadiq: Yana nan, da ƙarfinsa, ba ya ƙara. Bara aka canja shi.

Maman Ilham: Ku tsaya, hankalina ya tashi. Na karɓi mitar mai gadin ofishinmu na gwada tawa yanzu, Accord 2004. Inji na aiki tana nuna 12.7. Ke nan tawa ma ta mutu? Gobe zan je Kaltungo biki.

Oga Mai Wayarin: Kwantar da hankalinki Hajiya. Kunna fitilar gaba da fanka ki sake dubawa.

Maman Ilham: 14.2.

Oga Mai Wayarin: Lafiyarta ƙalau, Allah ya kai ki lafiya. Honda na da wannan tsarin: in kwamfuta ta ga ba a jan wuta sosai sai ta sassauta wa altaneta don a rage shan mai, in an kunna kaya ta ɗaga. Motoci da yawa na baya-bayan nan ma haka suke. Shi ya sa ba a yanke wa altaneta hukunci sai an ɗora mata kaya. Ta Malam da aka ɗora mata ƙasa ta yi, taki sama ta yi.

Ɗan Bolari: Tun da ana maganar, akwai kishiyar wannan da ke kashe mana batir a garin nan. Altanetar da ke wuce gona da iri, ka auna ka ga 15 ko fiye. Batir ya riƙa zafi, gefensa ya kumbura, kana jin wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwan fitila na yawan ƙonewa. Haɗa wannan da zafin Maris da Afrilu na Gombe, ruwan ciki ya ƙafe cikin 'yan makonni. Mutane na cewa sanyi ke kashe batir don da sanyi yake ƙin tashi. Zafi ne ke cin sa a hankali, sanyi ya zo ya tona.

Hamma Sola: Kuma in ruwan ya sauka, a irin batir mai marfi, ruwan batir tatacce kawai ake ƙarawa. Ba asid ba, don ruwa ne ke tafiya, asid ɗin na nan. Ba na rijiya ko bohol ba, gishirin cikinsa na lalata farantan. Masu zubar da ruwan batir gaba ɗaya su ɗura sabon asid su ce sun farfaɗo da shi, kwana kaɗan yake yi.

Baban Sadiq: To yanzu in sayi wata altanetar ke nan? Wani bakanike da na kira ya ce in kawo kuɗin 'yar Kwatano kawai.

Oga Mai Wayarin: Kar ka sake sayen abu kafin a auna, sau ɗaya ya isa. Ka kai wa mai wayarin, ba bakaniken inji ba, ka tsaya a kansa. Ya fara auna wuta a kan babban noti na bayan altanetar inji na aiki. In can akwai 14 amma a batir babu, to waya ce ko babban fiyus, altanetar ba ta da laifi. In can ma babu, ya duba soket, sannan ya kwance. Irin ta motarka gidan buroshin daban yake, sukurori ne ke riƙe da shi a bayan marfi. A nuna maka tsohon a tafin hannunka. A duba zoben tagullar ko ya yi rami, a gwada dayod, a juya ta da hannu a ji ko boris na gurnani. In kwayil ɗin ciki ya ƙone ya yi baƙi yana wari, a nan ne zancen wata ya taso. 'Yar Kwatano ma tsohuwa ce, da nata cinyayyen buroshin take zuwa, in za ka saya a gwada ta a gabanka.

Hamma Sola: Batir ɗin kuma a cire shi a kai caji, a hankali, kamar amfiya 6 ya kwana. Kar ka ce in an gyara altaneta za ka yi ta zagaya gari ya cika. Aikinta ta mayar da abin da kik ya ɗiba, ba ta ciko wanda ya faɗi ƙasa warwas ba, zafi za ta yi. Kuma kar ya daɗe a haka, batir ɗin dalma in ya zauna babu caji farantansa na yin wani farin ɓawo da ba ya komawa. Yau ɗin nan ka kai shi.

Baban Sadiq: Na gode ƙwarai. Na ba da batir caji, maƙwabcina ya ara mini nasa za mu lallaɓa da motar, ba nisa.

Baffa Direba: Ka tafi da rana, esi da rediyo a kashe.

Baban Sadiq: Salam, ga bayanin jiya. Mai wayarin ya auna bayan altanetar, 12.2, daidai da na batir. Ya kwance. Da ya ciro gidan buroshin ya ɗora mini a hannu, ɗaya ya rage kamar ƙwayar shinkafa a waje, ɗayan ya shige ciki gaba ɗaya, sai da ya sa tsinke ya taɓo shi. Cikin marfin duk baƙin gari da jar ƙura. Ya ce zoben da sauransa, dayod lafiya, boris lafiya. Ya sa sabon buroshi, ya wanke, ya mayar. Da batir ɗina da ya kwana a caji: a kashe 12.7, lokacin kik ya sauka 10.6 ya dawo, inji na aiki 14.1, da fitila da esi 13.8. Jar fitilar ta mutu. Abin da na kashe duka bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin batir ɗin ba. Abin da ke ci mini rai shi ne tsohon da na bayar a Janairu, wataƙila lafiyarsa ƙalau.

Ɗan Bolari: Shekararsa nawa?

Baban Sadiq: Biyu da rabi.

Ɗan Bolari: To a zafin nan ya ci rabonsa, ko da saura ba mai yawa ba ne. Kar ka sa a ranka. Amma gaskiya ya kamata wanda ya sayar maka ya ɗora mita a motar bayan ya ɗaura, minti ɗaya ne. Mu masu sayarwa muna da namu sakacin a nan.

Oga Mai Wayarin: Alhamdu lillahi. 10.6 lokacin kik yana da kyau, abin da ba a so shi ne ya faɗi ƙasa da 9.6. Saura abu ɗaya ban natsu da shi ba. Ka ce ka iso gida da ita ran nan, da asuba ko kas ba ta yi ba. Zai yiwu don batir ɗin ya riga ya ƙare ne, zai yiwu kuma akwai mai sata da dare. An sa wa motar wani abu daga baya? Rediyo mai allo, tiraka, sifika?

Baban Sadiq: Akwai rediyo mai allo da aka sa mini bara, da cajar waya da ba na cirewa.

Oga Mai Wayarin: To kafin yaron nan ya karɓi mitarsa, ka auna yau da dare bayan ta huta kamar awa biyu, ka rubuta. Gobe da asuba kafin ka murɗa makulli ka sake aunawa. In bambancin ɗan kaɗan ne, shi ke nan. In ka kwanta da 12.6 ka tashi da 12.2, ka koma wurin mai wayarin ya sa mita a layin baƙar waya, mota a kashe a rufe, ya jira ta yi barci. Bai kamata ta ja fiye da miliamfiya 50 ba. In ta wuce, ya riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi, daga na rediyon zai fara. Kar a yi kik mita na wannan layin, za ta ƙone.

Baban Sadiq: Daren jiya 12.68, yau da asuba 12.64. Murɗa ɗaya ta tashi, yara sun isa makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Baffa lafiya.

Baffa Direba: Amin ɗana. Oga, 'yar rawayar mitar nan, a wajen masu kayan wuta na babbar kasuwa zan samu? Bas ɗin da yarona ke ja zuwa Bajoga fitilarsa na yin ja in ya tsaya a silo.

Oga Mai Wayarin: Can za ka samu, Baffa. In ka saya ka biyo da ita da bas ɗin ran Asabar da safe, in nuna wa yaron inda zai dafa.